Bahon da Kakana Ya Ɗauka

Al Wukair, Doha.

'Yata Haulat,

Assalamu alaikum. Ya mamanki, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, zafin garin nan ma ya rage mini tumbi kyauta.

Na ji an zaɓe ki ki yi jawabi kan Yaƙin Duniya na Ɗaya a gaban 'yan makaranta ranar Alhamis. Wallahi sai da na taka rawa! Amma mamanki ta ce labarin kakana za ki bayar, wai Saje Ɗalhatu mai bindiga biyu. Tsaya, 'yar nan. Ni na ba shi sajen nan, ba Bature ba.

Ga gaskiya: an harbe wani yarima can Turai, sai ga dagaci a gonarmu yana neman majiya ƙarfi. Aka tafi da kakana, ɗan dako aka mai da shi. Bahon wankan wani hafsa ya ɗauka a ka daga Yola har Garwa ta Kamaru, ana harbi yana kare baho. Ya dawo da sanƙo, abokansa uku ba su dawo ba.

Na ba abokin aikina ɗan Kenya labarin, ya ce nasa kakan butar shayi ya ɗauka. Mun yi dariya har da hawaye.

Tunda bakina ya buɗe, ni ma ba sufabaiza ba ne, ba shugaban kowa ba kamar yadda na faɗa muku. Ƙofa nake buɗewa, awa goma sha biyu a tsaye. Kar Inna ta ji.

Ki ba su labarin bahon da babbar murya, ki ambaci sunansa. Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Surajo