Kiɗan Kisan Mai Yankan Tikiti

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa cikin ladabi da biyayya. Ina fata kana lafiya, ciwon gwiwar nan kuma ya lafa. Yaya Mama da hidimar gida? Ni ma lafiya lau, sai aiki.

Wasiƙarka ta iso, a tsaye na karanta ta a bakin ƙofar situdiyo. Ashe Yaya ya nuna maka guntun fim ɗin da na tura masa. Ka ce na tono kakanni na sa musu tufafin 'yan zamani. Na yi dariya, don ka iya magana, amma Baba ban yarda ba.

Bari ka ji labarin tukuna. Wani mai yankan tikiti ne a tashar jirgin ƙasa, tun zamanin da jirgi ke cin gawayi, aka tarar an shaƙe shi a ofishinsa. Sufeto ya zo bincike. Matar mamacin ta san wanda ya yi, tsoro ya rufe mata baki. Ni aka ba aikin kiɗan. Inda mutanen cikin fim ke sauraron faifan garmaho a otal, kiɗan zamaninsu na sa musu, irin wanda kuke yi da jita a gidan rediyo. Haƙƙinsu ne. Amma kiɗan da ke bin matar tana ratsa barandar tasha, ai ita ba ta jin sa. Mai kallo ke ji, shi kuwa ɗan yau ne. Shi ya sa na yi shi da na'ura, sauti mai kauri can ƙasa-ƙasa, kamar inji na aiki a bayan bango.

In na ba mai kallo tsohon kiɗa, jingina zai yi da kujera ya ce Allah sarki zamanin da. Ni ba kewa nake so ya ji ba, so nake cikinsa ya ɗuri ruwa. Matar nan ba ta san cewa a tsohon zamani take ba. A wurinta yau ce, kuma wanda ya kashe mijinta yana tsaye a ƙarshen barandar.

Kai ka koya mini kada in taɓa tsirkiya sai na san dalili. To, na san dalilina.

A gaida Mama da Yaya, ka ce masa na gode da gulma.

'Yarka,
Auta


Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya.

Na san labari ya riga ni isowa, amma gara ka ji daga bakina. Furodusa ya zo ɗakin haɗa hoto, ya zauna yana kallo da ido ɗaya, ɗayan yana kan wayarsa. Ko rabi ba a kai ba ya ce a tsaya, wai kiɗana kamar an ta da janareto. Ya ce wanda ya zo kallon tsohon labari tsohon kiɗa yake nema, in cire na'urar in cika ko'ina da jita da sarewa. Na duba darakta, mutumin da ya ce da bakinsa kiɗan ya tayar masa da tsigar jiki. Sai ga shi yana ta nazarin takalminsa.

Na ce wa furodusa ko a ɗauka duka ko a bari duka, ba za a yi mini gunduwa-gunduwa da aiki a liƙa sunana ba. Ya ce ƙofa a buɗe take. Na naɗe wayoyina, na rungumi ƙaramin fiyanona na lantarki na sauko da shi daga bene ni kaɗai. Ban yi kuka ba sai da na shiga mota, shi ma na haushi ne.

Jiya mai haɗa hoto ya gaya mini wanda aka kira ya maye gurbina. Baba, ashe kai ne, kuma ka amsa. Mama ta ce wai ka karɓa ne don ka rufa mini asiri a wurin mutanen. Ina roƙonka ka ajiye wannan dalilin. Ban yi abin kunya ba balle a rufe. In za ka yi, ka yi don kana ganin kai ke da gaskiya, don kuma an daɗe ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarka saboda jitar nan. Wannan kam ya yi mini daɗi, ko da a kaina aka taka. Haƙurin da ka ce in je in ba furodusa kuwa, ka gafarce ni, ba zan bayar ba.

In ka je situdiyon, kada ka yarda da makirufon hagu, yana ƙugi. Kujerar ma gajera ce, ka sa su kawo maka wata saboda gwiwarka.

Allah ya ƙara girma.

'Yarka,
Auta


Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Mama. Ina fata gajiyar taro ta sake ku.

Ka yi ta waiwaye a sinima ranar da aka fara nuna fim ɗin, ba ka gan ni ba. Ina nan, can layin baya. Ba a gayyace ni ba, da kaina na sayi tikiti.

Hannunka bai tsufa ba. A wurin otal ɗin, da jitarka ta shigo, sai da na rufe ido, na gan ni ina ƙarama a kan tabarma kana gwaji. Ba wanda zai yi wannan wurin kamar kai, har ni.

Amma da aka zo inda ake shaƙe mai yankan tikiti, wata mata kusa da ni tana kaɗa ƙafa tana gyaɗa kai tana bin kiɗan. Mutum na fafutukar numfashi, ita tana jin daɗi. A barandar tasha kuma wani dattijo a gabana ya ce wa matarsa ya tuna ranar da suka haɗu. Ba laifinsu ba ne, kiɗa mai daɗi aka ba su suka sha. Sun fita suna yabon ka, ban ji wanda ya ambaci mamacin ba.

Da sunanka ya fito a ƙarshe na miƙe na yi tafi, na fi kowa daɗewa, har hannuna ya yi zafi. Ina alfahari da kai, kuma nawa kiɗan ya fi dacewa. Duka biyun gaskiya ne, ba zan janye ko ɗaya ba.

Wata sabuwar darakta ta ji kiɗan da aka ƙi a wurin mai haɗa hoto, ta neme ni. Nata labarin na wani alƙali ne da aka sa wa guba, zamanin ma ya girmi na jirgin gawayi. Na gaya mata tun farko da na'ura zan yi, ta ce abin da ya kawo ta ke nan.

Ina tafe gida ƙarshen mako. Ka ce wa Mama kada ta shiga tsakani, ta bar mu mu yi ta a tsakar gida har ɗaya ya gaji. Ka tanadi hujjojinka, don nawa sun cika jaka.

Allah ya ja kwana.

'Yarka mai taurin kai irin naka,
Auta