Na Ƙona Kukumar Yayana

Assalamu alaikum Malam Edita da masu karatu. Ina gaisuwa. A ɓoye sunana, kuma kada wanda ya zage ni sai ya kai ƙarshe. Da hannuna na rubuta, da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Yayana makaɗin kukuma ne. Daga Gwarzo har Kabo ba bikin da ke cika sai da shi. Bature ma ya zo daga Kano da na'ura ya ɗauki muryarsa. Ku masu tafa masa, kun san da me yake waƙar? Da mu yake yi. Komai ya faru a gidanmu sai ya kwashe ya kai dandali.

Bara ƙyanda ta kashe 'yata Talatu. Ina niƙa ina kuka ina kiran sunanta, ashe yana bayan zana yana saurare. Ranar kasuwar Kabo na tarar da 'yammata suna rawa da kukana, kalma ba ta canza ba, har da sunan 'yata! Na same shi na ce, "Yaya, gawar ma ba ka bari ba?" Ya yi dariya ya ce, "Ke ba ki gane ba, na raya ta ne." Inna kuwa cewa ta yi, "Bar shi, baiwa ce." Baiwar ce ta yi naƙudar?

Ranar Juma'a da maza suka tafi masallaci na ɗauko kukumar, wadda ya gada wajen Baba, na cusa ta a murhu. A kanta na tuƙa tuwo, ya dawo ya ci har da ƙari. Wallahi ban yi nadama ba.

Abin kunyar shi ne, ya ɗora wa Ɗanjuma, abokinsa tun yarinta mai yi masa amshi, laifin, wai hassada ce. Ba mai gayyatar Ɗanjuma yanzu, matarsa ta koma gidansu a Durun, dagaci ya ce ya bar gari in kasuwa ta zagayo. Jiya Ɗanjuma ya gaishe ni ya ce, "Ke kaɗai ba ki taɓa zargina ba, Allah ya saka."

In na yi shiru an kori marar laifi. In na faɗa, na san yayana: ba zai doke ni ba, sabuwar kukuma zai ɗaura ya sa ni a waƙa.

Me zan yi?