Kujerun Mamanki Sun Fito a Fim

'Yata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mu ma lafiya lau, sai dai hankalina ya ƙi kwanciya.

Kin ce in shirya Mamanki, Yayata, za ki ɗauke ta ta koma wajenki ta huta. To, tsaya ki ji.

Kin san tun rasuwar Babanki nake kwashe mata kayan falo ɗaya bayan ɗaya zuwa shagona na gwanjo, muna ce wa maƙwabta an kai gyara. Kujerun nan masu ƙafar zaki kuwa 'yan fim ne suka saye. Fim ɗin ya fito, sai zuzuta shi ake yi, har da lambar yabo, wai labarin wata matar manya da duniya ta juya wa baya. Mamanki ta nace sai na kai ta sinima. Na cika jaka da hankici, don na ɗauka kuka za ta yi.

Ashe wahalar banza na yi. Tana ganin jarumar na sharɓar kuka a kan ɗaya daga kujerun nan nata, sai ta zungure ni, wai kujerar nan ba ta taɓa yi mata daɗin zama ba, don idon baƙi kawai take daurewa. Ta yi ta dariya har aka yi mana tsaki.

Tun ranar ba ta zauna ba. Matar da ko tumatir ba ta taɓa tayawa ba, yanzu gidajen tsofaffin ƙawayenta take bi. Ta sha shayi, ta yaba labule, ta hango shatin madubin da aka cire a bango, ta gane su ma hannu ya yi ƙasa, sannan ta ce ai ta san wani mai gyara. Ba a ambaci ciniki ba, ba wadda ta ji kunya, kaya kuma na fitowa ta ƙofar baya zuwa shagona. Ni da na tsufa a kasuwa ban taɓa wuce maigadinsu ba!

Na faɗa mata saƙonki. Ta ce tun tana amarya take hutawa, ya ishe ta haka. Ba za ta zo ba, ni kuma ba ni da bakin tilasta wa Yayata. In fushi za ki yi, yi da ni.

Bari in tsaya nan. Ga ta can bakin ƙofa, ta zura silifas ɗina, tana ƙwala mini kira wai na makarar da ita.

Ki gaishe da mutanen gida.

Taki har kullum,
Innarki ta kasuwa