Minti Bakwai a Roxy

Adjamé Liberté, 3 ga Mayu

Yaya Abdurrashid,

Assalamu alaikum. Ya Maradi, ya Anti Saudatu da yara? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Baba.

Baffa Alu ya rasu ran Talata a unguwar Biafra ta Treichville. Ka san shekara talatin Baba bai taɓa fashin zuwa wajen aminin nan nasa ran Juma'a ba. To, wata uku ke nan bai je ba, kuma ni ce sanadi.

Aikin da nake yi maka fankama da shi, shi ne. Na zuba hanyoyin Adjamé zuwa Treichville a kwamfuta, kowace mahaɗa da yawan motocinta, lissafi ya nuna in aka ɗauke tashar woro-woro, tasin haɗakar nan, daga mahaɗar Roxy, inda Baba ke shiga mota, zuwa hayin titi, kowace mota za ta rage minti bakwai. Aka ɗauke, aka toshe tsallaken ƙasa, aka kafa gadar ƙafa mai matakala hamsin da biyu. Na ƙirga motoci ɗaya ɗaya, Yaya, ban ƙirga gwiwar tsoho ba. Kullum ina ce masa zan kai shi da kaina, kullum Juma'a ta same ni a ofis.

Bai san cewa aikina ne ba. Har yanzu yana nuna ni ga baƙi, wai ga injiniyarsa. Kunya ta hana ni haɗa ido da shi. In faɗa masa?

Ƙanwarka,
Barakatu

17 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan zazzaɓin 'yarka Jidda ya sauka. Na bi shawararka, na faɗa masa jiya bayan la'asar, ina kuka kamar yarinya.

Ashe ya sani tun farko. Shi ya kwashe takarduna daga tabarma ranar da ruwa ya shigo ɗaki, ya gane zanen Roxy. Ya ce Juma'a uku yana gwada gadar a ɓoye. Mafi nisan da ya kai matakala ta goma sha tara, ya zauna ya huta, ya sauko. Ya aika wa Baffa Alu cewa mura ce ke damunsa, don kada a zagi aikin 'yarsa a Biafra.

Yau na bi ta wajen da mota. Hanya sumul, minti bakwai ɗin suna nan cif. Na rasa abin da zan yi da su.

Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Barakatu