Numfashin Baban Zinatu

Litinin, 7 ga Fabrairu, 1977

Ya yi booking. Yau Baban Zinatu ya shigo yana kaɗa takardun kamfanin tafiye-tafiye kamar wanda ya ci jarrabawa. Seychelles, wasu tsibirai can cikin tekun gabashin Afirka, ƙarshen watan gobe. Da shi, da Turawan kulob ɗinsu na nutso, da matan wasunsu, da ni. Wai tun da gwamnati ta turo shi kos ɗin aikin tashar jiragen ruwa bai huta ba, kuma ƙasarmu ta yi arzikin mai, me zai hana shi ganin abin da Bature ke gani a ƙasan teku? Mutumin Gusau, wanda gulbi ma sai da damina yake gani, yanzu duk Asabar yana ƙarƙashin ruwa a wurin iyo na nan Tottenham, da tulun iska goye a baya.

Na ce Allah ya kai mu. Me zan ce?

Alhamis, 10 ga Fabrairu

Allurai. Mun hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa asibitin matafiya a cikin gari: ta shawara, ta kwalara, aka kuma duba lambar agana. Nas ta ba mu ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro saboda jirgi zai yada zango a Nairobi, tana yi mini bayani a hankali kamar ban girma da zazzaɓi ba. Hannuna ya kumbura, tsintsiya ma ba na iya ɗagawa.

Asabar, 12 ga Fabrairu

Ya dawo daga ruwa da la'asar, na ji shi tun daga matakala. Wannan fiton da ƙirjinsa ke yi. Ya tsaya a hawa na biyu ya jingina da bango, ya laluba aljihun kwat ya fito da ɗan abin shaƙar nan shuɗi. Ta ramin ƙofa nake kallonsa, sai da ya daidaita na buɗe kamar ban ga komai ba.

Asma ce. Tun sanyinmu na farko, muna Woolwich, wani likita ya faɗa masa. Daga ni sai shi muka sani. Shi kuwa mura yake kiranta.

Talata, 15 ga Fabrairu

Kulob ba ya barin kowa ya shiga teku sai likita ya duba shi ya sa hannu. Ya zaɓi Dokta Katung, mutumin Kagoro, mijin ƙawata Juliana, wai namu ne, ba zai ja magana ba. Na bi shi don ni ma a auna jinina. Muna zaune a layi ya tashi ya shiga ban ɗaki, na san abin da ya je yi.

Dokta ya duba kunne, ya duba ido, ya ɗora abin awo a ƙirji da baya. Shiru, tas. Sai ya ce, "Malam Maharazu, akwai wani ciwon ƙirji? Tari, sarƙewar numfashi, asma?"

"Babu."

Ko ƙifta ido bai yi ba. Dokta ya ɗan dube ni, irin duban gaisuwa kawai, na sunkuya ina gyara safata. An tura shi hoton ƙirji, mu koma mako mai zuwa.

Juma'a, 18 ga Fabrairu

Juliana ta zo da garin masara daga kasuwar Ridley Road. Tunda nas ce, muna tuƙa tuwo na jefa mata tambaya, wai mijin wata 'yar uwata ne a Legas, mai asma, yake son wannan nutso. Ta ce iskar da mutum ya shaƙa a can ƙasa kumbura take yi in yana tasowa, dole ta sami hanyar fita. In hanyar ta tsuke a lokacin, huhu sai ya yage, kamar balan-balan ɗin yara. Wani ma ba ya kai wa cikin kwalekwale da rai.

Ta ajiye muciya ta dube ni. Ta ce ba ta san ina da 'yar uwa a Legas ba. Na ce ta nesa ce.

Lahadi, 20 ga Fabrairu

Na yi masa magana bayan azahar, na aika Zinatu ƙasa wurin maƙwabta tukuna. Da lallami na fara. Ya ce sanyin Ingila ne ke tayar da ita, can kuwa zafi ake. Na faɗa masa abin da na ji game da huhu. Ya tambayi wanda ya gaya mini, na ce a littafi na gani. Ya ce shi kaɗai ne baƙin mutum a kulob ɗin, duk sun zuba ido su ga ranar da zai ja da baya, ba kuwa zai ba su wannan ba.

Da zai fita ya ce, "Luba, abin da ke cikin gidan nan ya tsaya cikin gidan nan."

Inna ma haka ta ce mini ranar da za a kai ni: rufin asirin miji shi ne aure. Amma Inna ba ta taɓa ganin teku ba.

Talata, 22 ga Fabrairu

Hoto ya fito lafiya ƙalau. Na yi ta addu'a a ga wani abu, ko ɗan tabo ne, don a hutar da ni. Astagfirullah. Jibi Dokta zai sa hannu.

Laraba, 23 ga Fabrairu

Na je.

Na kai Zinatu makaranta, maimakon in juyo gida sai ƙafata ta miƙe zuwa asibitin Dokta Katung. Ana yayyafi, ban ɗauki lema ba. Na zauna cikin masu tari da masu goyo, sau biyu ina tashi in tafi. Da aka kira ni na rasa ta inda zan fara, Dokta ya ɗauka allurar ce ta dame ni, har ya ce in naɗe hannun riga. Sai kawai na ce, yana da asma, abin shaƙar yana aljihunsa, ya shaƙa kafin ku auna shi.

Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya yi mini tambayoyi: tun yaushe, sau nawa take tashi, bayan ruwa fa. Na faɗi komai, har da na matakala. Ya ce zai sake gwada shi ta wata hanya, kuma zai iya cewa ƙa'ida ce, amma in Malam ya tambaye shi kai tsaye ba zai yi masa ƙarya ba.

Na ce, "In ya tambaya, ku ce ni ce."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. A bas wata tsohuwar Baturiya ta tambaye ni ko lafiya.

Alhamis, 24 ga Fabrairu

Dokta ya sa shi ya yi ta hawa da saukar matakalar asibiti da gudu, sannan ya hura cikin wani bututu. Juliana ce ta ba ni labari daga baya. Bai sa hannu ba.

Ya shigo bai cire kwat ba. "Ke ce?"

"Ni ce."

Na jira faɗa, bai zo ba. Ya wuce falo ya kunna rediyo. Tuwon yana nan a rufe yadda na ajiye.

Lahadi, 27 ga Fabrairu

Ta bakin Zinatu yake mini magana. Ita kuma ta zo ta isar da saƙon da Turanci, tana kallon fuskata.

Laraba, 2 ga Maris

Na ji shi a waya yana neman appointment wurin wani likita mai zaman kansa a cikin gari, wanda bai san mu ba. Na tsaya a ƙofar kicin har ya ajiye. Na ce masa in ya je can, can ɗin ma zan je. In an sa hannu, zan sami shugaban kulob ɗinsu in faɗa masa da Turancina yadda ya samu.

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce ashe haka nake. Na ce ni ma ban sani ba.

Asabar, 5 ga Maris

Ya ɗauki jakar iyo ya fita, ya dawo da wuri. Tawul ɗin a bushe yake, na taɓa. Ban tambaya ba.

Talata, 8 ga Maris

Hajiya Yelwa, babbarmu a cikin matan arewa na nan, ta taso tun daga Dagenham. Wa ya kai mata, oho. Ba ta ce na yi laifi ba, ba ta ce ban yi ba. Ta ce namiji sai an bar masa ƙofar da zai fita da girmansa, in dafa abin da yake so, in durƙusa in ba shi haƙuri, magana ta mutu. Na ce to, Hajiya.

Na yi dambun shinkafa da man shanun da aka kawo mana daga gida. Na kai, na durƙusa. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, ga abinci. Na tashi.

Ya ci dai. Har ya ƙara.

Litinin, 21 ga Maris

Ba a yi cancel ba, za mu tafi. Ya gaya wa 'yan kulob kunnensa ne, zai riƙa zama cikin kwalekwale yana riƙe musu igiya. Kunne ko ƙafa, ba ruwana.

Ina shirya akwati, ƙwayoyin zazzaɓi, katin allurai, maganin gudawa da Juliana ta dage sai mun tafi da shi, sai ya shigo ya ajiye abin shaƙar a kan gado, a fili, karo na farko. Bai kalle ni ba. Ya ce, "Sa a jakarki, ni mantuwa gare ni."

Na girgiza shi na ji ya kusa ƙarewa. Na ɗauki waya na kira asibitin Dokta Katung, na ce a rubuta mana guda biyu, kuma a ba shi ranar da zai koma a duba ƙirjin sosai in mun dawo. Yana tsaye yana ji.

Sai da na ajiye wayar na tuna ban nemi izinin Baban Zinatu ba. Sauri ne dai, ina jin.