Kada Ku Sa Hannu a Takardar Kareebos

Ni ce Magrieta Baadjies ta garin Pniël, matar marigayi Kerneels. Na rubuta wannan da hannuna, da safiyar Talata, ina cikin cikakken hankalina, ba wanda ya sa ni. Likita a Paarl ya duba hoton ƙirjina yana ta kame-kame, na ce masa, “Ɗana, faɗi kawai, ina da baƙi ranar Asabar.” Ya ce da wuya in ga tsinkar inabi mai zuwa. To, shi ke nan. Rosina, Jafta, Elrico, ku zauna wuri ɗaya a karanta muku, kada kowa ya tashi sai an kai ƙarshe.

Na ɗaya. Gidan nan naku ne ku uku, ba a sayar da shi. Jafta yana ciki da iyalinsa, ya ci gaba da zama. Ɗakina kuma a bar shi ga duk wanda duniya ta juya wa baya a cikinku.

Na biyu. Motar da muke kai baƙi gonakin inabi da ita ta Jafta ce. Jafta, na san idonka yana kan doguwar bas ɗin nan mai cin mutum arba'in, na ga hotonta a wayarka. Ban yarda ba. Idan ka kai mutum takwas gona, mai haɗa giyar da kansa yake fitowa da takalman robarsa, ya buɗe musu ganga, ya zauna a ci gasasshen kifi da burodi tare da shi. Idan ka kai arba'in, sai a jera musu kofuna a nuna musu inda ake biya. Kujeru takwas muka fara da su, a kansu za ka tsaya. Kuma direba ba ya ɗanɗanawa, ko da mai gona ya rantse zai yi fushi. Bar shi ya yi.

Kun san dalili, amma zan sake faɗa don 'ya'yanku. A gonar Kareebos aka haife ni, a layin gidajen ma'aikata. Mahaifina Koos ya yi shekara talatin yana gyaran kurangar inabi a can, a zamanin da ake biyan wani ɓangare na ladan ma'aikaci da giya. Da gwangwani ake zuba musu, da safe, da rana, da yamma. Bai kai hamsin ba muka binne shi. Shi ya sa tsawon rayuwata ina shinshinawa, in kurɓa, in juya a baki, in tofar. Baƙi suna dariya, suna cewa, “Mama Griet, wannan ai asara ce!” Ina ce musu, “Ku haɗiye naku, ni hancina nake ci da shi.”

Na uku. Kulob ɗinmu na masu sayen giya na Rosina ne: sunayen mambobi, ɗakin ajiya, da wasiƙar da muke sakawa a kowane kwali. Ita ta san waye ba ya son jar giya, waye matarsa ta rasu. Duk wata uku kwali mai kwalba shida yana tafiya gidan kowane mamba, yawancinsu kuma mutanen da suka taɓa zama a motarmu ne. Ba su san gonakin nan kamar yadda muka san su ba. Sun yarda ne cewa abin da Griet ta zaɓa, ta san inda ya fito.

Shekara goma sha tara, huɗu daga cikin kwalaben nan shida daga Kareebos suke fitowa. Lokacin da ubanku ya rasu na sayi motar, gonaki da yawa ta ƙofar baya suke nuna mini in shiga, ni da baƙina. Ranar da na fara kai baƙi Kareebos na tsayar da motar a bakin gonar. Stoffel, ɗan mutumin da ya riƙa zuba wa mahaifina a gwangwani, shi ne mai gonar a lokacin. Ya leƙo ta taga ya ce, “Ba Griet ba ce, 'yar Koos?” Na ce, “Ni ce, maigida.” Ya ce, “Maigida ya mutu. Shigo da su ta gaba.” Shi ya fara ba ni giya in aika wa baƙina, daga nan kulob ya samo asali. Bai taɓa buɗe baki ya nemi gafara ba, ni ma ban taɓa cewa na yafe ba. Amma bai taɓa ba ni kwalbar da zan ji kunyarta ba.

Shekara uku ke nan da tsufa ya sa ya sayar wa wani kamfani. Shekarar farko ban ga canji ba. A ta biyu na kai jar giyarsu hanci, na san ba inabin gindin dutsen Kareebos ba ne. Na tsinki inabin wurin nan tun ina da shekara tara, ba za a ɓoye mini ba. Daga baya na ga tankoki suna shiga da giyar da aka sayo daga wani wuri, takardar jikin kwalba kuwa tana nan yadda take, da hoton dutsen. Ba su tsaya nan ba. Suka ba gidaje goma sha ɗaya takardar tashi don su mai da layin ma'aikata masaukin baƙi. Cikinsu har da Inna Sanna, wadda ta karɓi haihuwarku duka ukun.

Na huɗu, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Takardar da kamfanin ya aiko, wadda ta ce kulob ya riƙa ɗaukar giyarsu kaɗai har shekara biyar, su rage mana farashi, su ba mu sabuwar mota da sunansu a jiki, tana cikin aljihun tebur. Kada ku sa hannu. Ko sun ƙara zaƙi, kada ku sa. Za su dawo bayan an binne ni, da fure da kalamai masu laushi, suna zaton taurin kan tsohuwa ne ya hana. Ku ba su shayi, ku raka su mota. Ranar da kuka sa hannu, mambobi za su ci gaba da karɓar kwali da sunana, amma abin da ke ciki ƙarya ne. Ba ni da gona, ba ni da ko ganga ɗaya. Wannan yardar ita ce dukan abin da na tara.

Na biyar. Nomvuyo Dyantyi. Rosina, na san ranki bai kwanta da ita ba, kuma kina da hujja. Mace ce mai haɗa giya, da ganga bakwai kacal a kusurwar ɗakin ajiyar wani a Wellington, kuma farkon abin da ta ba mu ya zo da matsala: marfin toshiya ya lalace, giyar tana warin jiƙaƙƙen kwali. Mambobi suka yi ta kira, waɗansu suka fita. Kika ce mini, “Mama, wannan matar za ta kashe mana kulob.” Amma ki tuna abin da ta yi. Ba ta ɗora wa mai sayar da toshiya ba, ba ta kashe waya ba. Ta zo da ƙafarta ta tsaya a tsakar gidan nan ta ce, “Mama Griet, ni na yi arha wajen sayen toshiya. Ba ni sunayensu.” Ta kira su ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe gangar da take tanadi don shiga gasar giya ta maye musu. Mai kuskure ya tsaya a gabanka ya fi mini mai gyara takarda a bayanka. A ba ta kwalba biyu a kowane kwali har tsinka uku. Bayan nan, idan giyarta ba ta kai ba, ku gaya mata a fuska, ku rabu lafiya.

Kuma daga yau kada gona ɗaya ta wuce kwalba biyu. Kuskurena ne da na jingina da Kareebos har huɗu. Kafin ku ɗauki giyar kowa, ku taka gonarsa. Kada ku tsaya a ɗakin ɗanɗano inda aka share aka sa furanni. Ku zaga baya ku ga inda ma'aikata suke kwana, ku ga ko famfonsu yana kawo ruwa. Ku gaishe su da sunanku, ku saurara.

Na shida. Stoffel yana gidan tsofaffi a Paarl, 'ya'yansa suna Ostireliya. Jafta, duk Alhamis da aka samu kujera babu kowa, ka biya ka ɗauke shi. Yana son zama a gaba yana gyara maka labari. Kada ka bi da shi ta Kareebos. Na yi haka sau ɗaya, ya ga layin ma'aikata an shafe shi da farin fenti an kafa laima, bai sake magana ba har muka dawo.

Na bakwai. Rosina da Elrico. Wata takwas ke nan ba ku gaisa ba, tun ranar Ista da Elrico ya ajiye takardar kamfanin kusa da farantina. Rosina, kin kira ƙaninki karen kamfani a gaban matarsa. Elrico, ka ce mata ta gaji taurin kaina amma ba ta gaji hancina ba. Ni kuma na yi shiru, wannan laifina ne, ina neman gafararku.

Rosina, ƙaninki shi ke kula da ɗakin ɗanɗano a Kareebos, da shi yake ciyar da tagwayensa. An ba shi takarda ya kawo, ya kawo. Abin da ba ki sani ba, ranar da aka fitar da Inna Sanna, shi ya ɗauki hutu ya kwashe kayanta a motarsa, ya yi ta yawo har ya samo mata ɗaki a Kylemore. Manajansa ya kira shi ofis a kan haka. Ya roƙe ni kada in faɗa, yau na faɗa. Ba na son ya bar aikinsa saboda ni, kada kowa ya matsa masa.

Elrico, rigunan baftismar tagwaye da na ce ni na ɗinka, ka dubi yatsuna da ba sa iya riƙe allura, ka san ƙarya na yi. Yayarka ce ta ɗinka su.

Maganar da ka gaya mata ta yi zafi, amma akwai gaskiya a ciki: kai ka gaji hancin. Saboda haka littattafaina na ɗanɗano, su goma sha huɗu, naka ne. Kuma na hukunta cewa babu kwalbar da za ta shiga kwalin kulob sai ka shinshina ka yarda, babu kuma wadda za ta fita sai Rosina ta rubuta wasiƙarta. Kana hutu ran Litinin. Ku san yadda za ku yi.

A binne ni kusa da ubanku, a ranar aiki, ba Asabar ba. Baƙin da suka riga suka kama kujera sun taso daga nesa, a kai su. A wurin zaman makoki shayi za a sha.

Allah ya yi muku albarka, ya albarkaci 'ya'yanku, ya tsare Jafta a kan hanya, ya ba ku abinci mai tsabta. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe juna. Ban haifi uku don kowa ya zauna shi kaɗai yana da gaskiya ba. Elrico, kai ne ƙarami, kai za ka fara zuwa, kuma kada ka jira sai na tafi. Rosina, idan ya ƙwanƙwasa, ki buɗe.

Mahaifiyarku,
Magrieta Baadjies