Sauran Ɓawon Maɗacin Baba

Dandin Mahe,
Ƙaramar Hukumar Shagari.

Zuwa ga ƙanena Shamsuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta addini da ta jini ɗaya, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Safiya da yara, Ya buɗa maka karatu, Ya sauƙaƙa maka zaman Malesiya. Mu nan lafiya lau. Damina ta yi kyau, gero har ya fara fitar da kai. 'Yata Nana Fatima ta haihu a Bodinga, an sami 'ya mace, an mayar da sunan marigayiya mahaifiyarmu Inno. Ƙanenmu Maniru kuwa ya kwashe iyalinsa ya koma Sakkwato, ya kulle ɗakinsa ya miƙo mini makulli. Yanzu duk girman gidan Baba ni kaɗai ce a ciki, sai awakina, in na yi sallama daga unguwa ba mai amsawa.

Na san ƙullin garin ɓawon maɗaci kake jira daga hannun Mansur ɗan Malam Ladan in ya dawo makarantarku, ba takarda ba. Ka yi haƙuri. Na gwada faɗa maka a waya na kasa, don kai tun kana yaro ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana.

Ka tuna hirar da aka yi da kai a rediyo bara. Ni da kunnena na ji ka, kuma na fahimce ka sarai, shekarun da na yi ina koyarwa a firamare ba su tafi a banza ba. Ka ce ɗacin ɓawon nan ba abu ɗaya ba ne, sinadarai ne da yawa, ka ware wasu ka ba ɓeraye masu ciwon suga, sugan ya sauka. Ka ce waɗanda aka cika wa ya taɓa musu hanta, kuma ba a kai ga gwadawa a jikin mutum ba tukuna. Amma da aka tambaye ka inda ka samo ɓawon, bakinka ya ƙi shiru, ka ce maɗacin bayan gidanku ne a Dandin Mahe. Mutane wannan suka riƙe. Maganar ɓera da ta hanta ba wanda ya ɗauka.

Hirar ta yi ta yawo a wayoyin mutane, sai ga baƙi daga Lambara, daga Sifawa, har daga wuraren da ban taɓa jin sunansu ba. Wata baiwar Allah, Nana Hauwa, ta ce mini likita ya ce za a yanke wa mijinta ƙafa. Na ce mata ta mayar da shi asibiti, na maimaita mata maganar hantar, ta ce ta ji, amma in taimake ta don Allah. Kai da kake da ilimin, da kai ne a tsaye, ya za ka yi da ita? Na ɗauko gizagon Baba na sassaƙa mata yadda yake yi, gabas kaɗan, yamma kaɗan, kamar tafin hannu, na shafe wurin da laka.

Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin watannin nan. Tun rasuwar maigidana da na dawo gidan nan ban ga ƙofarmu da takalma haka ba. Na riƙa dama fura da yawa, ina shimfiɗa tabarma a gindin iccen inda Inno ke zama tana tsinkar rama, muna hira da mutanen da ban sani ba har la'asar. Ban iya cewa a'a ba, domin in na ce a'a sun tafi ke nan.

Da na tafi Bodinga zaman jegon Nana Fatima, wasu suka zo da tsani da buhuna. An ce mini masu kai wa kasuwa ne. Na dawo na iske iccen fari fat tun daga ƙasa har inda tsani ya kai, ja-jan ruwansa ya bushe a jikinsa. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ranar Inno. Maƙwabcinmu Arzika ya kwaɓa laka da kashin shanu muka shafe shi, ya kewaye shi da ƙaya. Ya nuna mini wani siririn ɓawo ta gefen arewa, inda katanga ta hana su, faɗinsa bai wuce yatsu huɗu ba. Ya ce ta nan kaɗai icce ke rayuwa yanzu, ranar da aka yanke shi an gama. Rassan yamma sun riga sun bushe ana tsakiyar damina. Baƙin ma duk sun ɗauke ƙafa tun da suka ji ba sauran abin ɗiba.

Na ji bayaninka cewa maɗacin wani wuri ba zai yi ba, don ƙasa da shekarun icce suna sauya yawan sinadarin, kuma malaminka ya ce dole gwajin ƙarshe ya zama da ɓawon iccen da aka fara da shi, in ba haka ba aikin shekaru ya koma baya. Na yarda, kuma ba wanda ya fi ni son a kira ka dakta. Jiya na ɗauki gizagon na je har gindinsa. Na ɗaga kai sai na ga sabon toho a reshen arewa, ja-ja, ɗanye shar. Na dawo da gizagon na rataye.

Shamsu, Baba ya tafi, Inno ta tafi, kai da Maniru kun tafi. Wannan icce shi kaɗai ya rage a gidanmu da ya san ni tun ina yarinya, kuma kullum da safe nakan leƙa in ga yadda ya kwana. Hannuna ba zai iya ba. Na ce wa Arzika shi ma kada ya taɓa.

Ka gaishe mini da Safiya, ka ce mata daddawar da kukar da ke hannun Mansur nata ne. Ka shafa mini kan Muhammad Sani da ƙanwarsa, wadda har yau a hoto kawai na san ta. Goggo Laraba da Malam Ladan suna gaishe ka.

Iccen gadonmu ne, kana da haƙƙi a kansa kamar yadda nake da shi, ba zan hana ka ba. In karatun ba zai yiwu ba sai da ɓawon nan, to ka zo da ƙafarka ka tsaya gabansa ka sara da hannunka. Gizagon Baba na nan rataye a ɗakin Inno, na wasa shi. Na share maka ɗakinka. Ko ka sara ko ka fasa, ni dai na gan ka.

Taka yaya,
Dije.